Abin da Ya Haɗa Tukunya da Ganga a Kudancin Luwiziyana

A ƙauyukan kudu maso yammacin jihar Luwiziyana ta Amurka, irin su Mamou da Eunice, akwai al'adar da ake yi sau ɗaya a shekara, ranar Talatar jajiberin azumin Kiristoci na kwana 40, wadda ake kira Mardi Gras. Maza su rufe fuska, su sa kayan tsumma masu launi iri-iri, su hau dawaki suna bin gonaki gida-gida, makaɗa na biye da su a kan amalanke, mai goge da mai akodiyon. Duk gidan da aka je, jagoran tawaga ya nemi izini. In mai gida ya amince, sai a shiga a yi waƙa, a taka rawa, a roƙi kayan miya. Wani ya ba da shinkafa, wani albasa, mai hali kuwa ya cilla kaza da ranta sama, samari su bi ta a guje cikin taɓo. Da yamma a zuba abin da aka samo a tukunya guda, a dafa miyar da suke kira gumbo, gari ya ci, a yi ta rawa har tsakar dare lokacin da azumi ke kamawa.

A nan waƙa ita ce kuɗin cefane. Masu tallar yawon buɗe ido sun fi son su ce girki da kiɗa duk daga zuciya suke fitowa, shi ya sa suka jitu. Daɗin baki ne kawai, domin ko'ina a duniya ana girki ana kiɗa, amma ba ko'ina suka manne wa juna haka ba. Bayanin da ya fi gamsar da ni na kasuwa ne da na unguwa. Jama'a daban-daban sun sauka a wannan fadama hannu rabbana, wasu da ƙafarsu, wasu a cikin sarƙa, suka tarar abu biyu ne talaka zai iya sayarwa ba tare da wani jari ba: abin da ya iya dafawa da abin da ya iya kaɗawa. Kuma masu sayen ɗaya su ne masu sayen ɗayan, a fili guda, a sa'a guda.

Faransawa ne suka kafa birnin New Orleans a 1718, kusa da inda kogin Misisipi ke faɗawa teku. Shekara ɗaya bayan haka, a 1719, jiragen bayi na farko suka iso, kuma umarnin da aka ba masu jiragen ya haɗa da su nemo irin shinkafa da mutanen da suka san nomanta. Binciken masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na 'yan Afirka da aka kawo a zamanin mulkin Faransa daga yankin Senegal da Gambiya aka kwaso su, wato daga ƙasar manoman shinkafa. Saboda haka idan ana lissafin baƙin da suka gina abincin yankin, a riƙa tunawa cewa waɗanda suka fi kowa hannu a ciki ba ci-rani suka zo ba, kamo su aka yi. Bayan su sai Jamusawa da aka zaunar a gefen kogi tun shekarun 1720 suna noman kayan lambu suna kai wa birni. Sifaniya ta karɓi mulki a shekarun 1760, ta kawo mutanen tsibiran Kanari daga 1778. Faransa ta sake karɓa na ɗan lokaci, sannan ta sayar wa Amurka da yankin baki ɗaya a 1803 kan dala miliyan 15.

Duk wannan tarihi yana cikin tukunyar gumbo, musamman a yadda ake sa ta yi kauri. Hanyoyi uku ne. Ko a sa kuɓewa, wadda ta zo daga Afirka. Ko a barbaɗa garin busasshen ganyen itacen sasafras, wanda ƙabilar Choctaw, 'yan asalin ƙasar, suka daɗe suna amfani da shi suna kuma kawo shi kasuwa. Ko kuma a soya fulawa cikin mai a hankali, dabarar girkin Faransa, sai dai a Luwiziyana ba a sauke ta sai ta yi duhu kamar gasasshen kofi, abin da kuku a Paris zai ɗauka ƙonewa ta yi. A kan wannan ake zuba albasa da koren tattasai da seleri, sannan kaza ko jatan lande ko kaguwa ko kyafaffen tsiran alade, a ci da dafaffiyar shinkafa. Gida biyu a layi ɗaya ba sa yin ta iri ɗaya, kuma kowa na rantsuwa ta kakarsa ce ta asali.

Inda kiɗa ya shigo sosai shi ne ranar Lahadi. Dokar bayi ta Faransa ta 1724 ta hana a sa bawa aiki ran Lahadi da ranakun idin coci. Ba tausayi ba ne zalla, domin da yawa daga iyayengiji sun ga dama ce ta rage wa kansu nauyin ciyarwa: bawa ya je ya nemi nasa. Sai bayi suka riƙa noma 'yan kayan lambu, suna kamun kifi, suna farauta, suna kai wa wani fili a bayan gari su sayar. Filin nan shi ne aka sani da Congo Square. A 1817 hukumar birni ta taƙaita taron bayi zuwa rana ɗaya da wuri ɗaya, wanda hakan ya ƙara tara su a can. Wani magini mai suna Benjamin Latrobe ya bi ta wurin a 1819, ya rubuta cewa ya ga mutum 500 zuwa 600 suna rawa a da'irori, har ya zana gangunan da ya gani da wani abin kiɗa mai tsirkiya da aka yi da ƙwarya. A yawancin yankunan Amurka da Ingila ta mallaka an hana bayi ganga saboda tsoron tawaye. A nan ganga ta rayu, kuma a tsakiyar kasuwar abinci ta rayu. Mai ganga ya tara jama'a, mai tuyar wainar shinkafa da ake kira kala ta yi ciniki. Akwai matan da da ribar irin wannan talla suka fanshi kansu a zamanin mulkin Sifaniya, lokacin da doka ta ba bawa damar sayen 'yancinsa. Su kansu masu tallar da waƙa suke kiran mai saye a kan titi.

A 1809 aka yi wani sauyi babba. Mutanen da suka gudu daga juyin juya halin Haiti suka fake a Kuba, sai aka kore su daga can, kusan mutum 10,000 suka kwararo New Orleans cikin 'yan watanni, adadin mazauna birnin ya kusan ninkawa. Kashi uku ne kusan daidai wa daida: fararen fata, baƙaƙe 'yantattu, da bayi. Sun ƙarfafa harshen Faransanci a daidai lokacin da Amurkawa ke shirin shafe shi, sun zo da ɗanɗanon tsibiran Karebiyan, sun kuma zo da wani salon bugu mai ɗingishi wanda daga baya makaɗin fiyano Jelly Roll Morton ya ce in babu shi kiɗan jazz bai yi armashi ba. Mutane da yawa na danganta jan wake da shinkafa, abincin ranar Litinin na birnin, da wannan zuwa. Dalilin Litinin, kamar yadda mutanen garin ke faɗa, ranar wanki ce: a jefa ƙashin naman da ya rage daga cin Lahadi cikin wake, a bar shi a wuta kaɗan-kaɗan yini guda, uwargida na can tana fama da kaya. Louis Armstrong, shahararren mai busa kakakin jazz wanda aka haifa a 1901 a unguwar talakawan birnin, har ya yi suna a duniya bai daina rufe wasiƙunsa da ambaton jan wake da shinkafa ba. Shi ɗin ma yana yaro ya yi aiki a wurin wasu Yahudawa 'yan ci-rani daga Lituweniya, iyalin Karnofsky, yana busa ƙahon gwangwani a kan amalankensu don kiran masu ciniki. A gidansu yake cin abincin dare, su suka ba shi rancen da ya sayi kakakinsa na farko, kuma ya rataya tauraron Dawuda, alamar Yahudawa, a wuya har ƙarshen rayuwarsa don tunawa da su.

Labarin mutanen Sisili shi ya fi nuna cewa wannan cuɗanya ba cikin lumana ta gudana ba. Bayan yaƙin basasar Amurka da 'yanta bayi a 1865, masu gonakin rake suka nemi leburori masu araha, sai dubban talakawa daga tsibirin Sisili na Italiya suka zo. Suka yi yankan rake kafaɗa da kafaɗa da baƙaƙen fata, suka zauna a unguwanni ɗaya da su, suka buɗe kantunan lungu suna ba su bashi. Manyan gari ba su ɗauke su cikakkun fararen fata ba. A watan Maris na 1891, bayan kotu ta kasa kama wasu da laifin kisan shugaban 'yan sanda David Hennessy, gungun mutane suka fasa kurkuku suka kashe Italiyawa 11. Shekara 15 bayan haka, a 1906, wani ɗan Sisili, Salvatore Lupo, ya buɗe kantin Central Grocery, inda aka fara haɗa mufuleta, faffaɗan burodi mai riɗi da aka cusa wa nama da cuku da kwaɗon zaitun, domin manoman da ke kawo kaya kasuwa su ci a tsaye. A fagen kiɗa kuwa, ƙungiyar da ta fara naɗar jazz a faifai a 1917 ta fararen fata ce, shugabanta Nick LaRocca ɗan wani baƙo ne daga Sisili. Abin takaici, wannan mutum ya ƙare rayuwarsa yana iƙirarin cewa shi ya ƙirƙiro jazz, baƙaƙen fata ba su da hannu a ciki. Wanda aka raina jiya ya samu tsani ya hau, ya juyo yana harbin maƙwabcin da suka sha miya tare.

Duk da haka zaman maƙwabtakar ya bar alama. Ranar 19 ga Maris mutanen Sisili ke girmama waliyyinsu Yusufu, su cika tebura da burodi da kifi da kayan zaƙi, su buɗe ƙofa kowa ya shigo ya ci. A daren wannan rana ce ƙungiyoyin baƙaƙen fata da ake kira Indiyawan Mardi Gras ke fitowa titi cikin rigunan gashin tsuntsu da duwatsun ado da suka shekara suna ɗinkawa da hannu, suna waƙar amshi da bandiri. Idin wasu ne, wasu suka mai da darensa nasu, kuma har yau haka ake yi.

Sai batun jana'iza, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan al'amarin. Kamfanonin inshora ba sa karɓar baƙaƙen fata a wancan zamani, don haka suka kafa ƙungiyoyin taimakon kai da kai, kusan irin adashi: kowa ya zuba ɗan abin da ya samu, in ciwo ya zo a biya magani, in mutuwa ce a yi sutura a kuma ɗauko masu kakaki da ganga su raka gawa. A tafi makabarta da kiɗan juyayi, a dawo da na rawa, jama'ar unguwa na biye. Ƙungiyoyin nan suna nan har gobe, kuma kusan kowace Lahadi, in ban da tsakiyar bazara, ɗaya daga cikinsu na zaga unguwanni da makaɗa na tsawon sa'o'i huɗu. Ina wannan taro ke ci? A bakin hanya, wurin masu gasa nama a bayan a-kori-kura da masu sayar da yakamein, romon naman sa da taliya da dafaffen ƙwai da miyar waken soya. Wasu sun ce leburori 'yan Sin na ƙarni na 19 suka bar shi, wasu sun ce sojoji baƙaƙen fata ne suka dawo da shi daga yaƙin Koriya. Haka kuma a farkon ƙarni na 20, matar da kuɗin haya ya sha mata kai takan rataya jar fitila a ƙofa ran Asabar da dare, ta soya kifi, ta ɗauko mai fiyano, a biya ɗan kuɗin shiga. Matasan makaɗa da yawa a irin waɗannan ɗakuna suka fara samun abin sawa a aljihu da kwanon abinci. Dokokin wariyar launin fata, waɗanda Kotun Ƙolin Amurka ta halatta a 1896 a shari'ar Homer Plessy, shi ma ɗan New Orleans, sun tura 'yan Kiriyol masu ruwa biyu, waɗanda suka koyi karanta kiɗa a takarda, cikin sahu ɗaya da baƙaƙen da ke kiɗa da ka. Daga wannan matsi jazz ta fito.

A ƙauye labarin ya ɗan bambanta. Kajun jikokin Faransawan Akadiya ne, a gabashin Kanada ta yau, waɗanda Ingila ta fara kora a 1755. Sun yi ta gararamba kafin su taru a Luwiziyana, ayari mafi girma ya iso a 1785 cikin jirage bakwai. Da goge suka zo. Akodiyon kuwa ƙirar Jamus ce, ta shigo hannunsu wajen ƙarshen ƙarni na 19, ta kuma yi nasara ne saboda ƙararta: babu lasifika, ɗaki cike da masu rawa, goge ba ya kai wa bango. Sauran kayan kiɗan daga tsakar gida suka fito, cokula da allon wanki da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da ake lanƙwasawa daga haƙoran injin tara ciyawa. A 1929 Amédé Ardoin, baƙar fata mai akodiyon, da Dennis McGee, farar fata mai goge, suka naɗi faifai tare, a lokacin da doka ba ta yarda su zauna teburin cin abinci ɗaya a gari ba. A 1946 Clifton Chenier, wanda ake wa laƙabi da sarkin zaidiko, kiɗan rawa na 'yan Kiriyol na ƙauye, ya sa wani maƙeri ya ƙera wa wansa Cleveland allon wanki na ƙarfe da ake sawa kamar riga, ana karce shi da mabuɗin kwalba. Raye-rayen gida na 'yan Kiriyol kuwa da sayar da gumbo ake biyan makaɗa, kuma da aikin matatun mai ya kwashe su zuwa Houston da Kalifoniya, sai cocin Katolika ta zama inda ake haɗa rawa da tukunya a daren Asabar.

Akwai wani dalili da ya sa waɗannan biyun suka zama ma'ajiyar asali a can. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya mai da Ingilishi harshen koyarwa, aka riƙa hukunta yaran da suka yi Faransanci a harabar makaranta. Cikin tsara biyu harshen ya kusan fita daga bakin yara. Inda malamin makaranta ba ya shiga shi ne ɗakin girki da dandalin rawa, don haka a yau za ka samu matashin da ba ya iya hira da Faransanci amma yana rera waƙa da shi, yana kuma kiran kowane mataki na girki da sunan da kakarsa ke kira.

Gidan abincin Dooky Chase a unguwar Tremé ta New Orleans ya tara duk zaren a wuri guda. Mijin, Edgar Chase, mai busa kakaki ne da ya jagoranci ƙungiyar makaɗa. Matar, Leah Chase, ita ta mai da shagon sayar da burodi da nama ya zama gidan abinci na alfarma inda baƙar fata zai zauna a teburi mai mayafi. Manyan mawaƙa baƙaƙe da aka hana su shiga gidajen abincin fararen fata nan suke zuwa bayan wasa, kuma a ɗakin sama masu fafutukar 'yancin baƙar fata na shekarun 1960 suka riƙa ganawa da abokan gwagwarmayarsu fararen fata, abin da doka ta haramta. Ta rasu a 2019 tana da shekara 96, kusan har ƙarshe tana shiga madafa.

Daga 1970 abin ya zama haja ta duniya. A shekarar George Wein ya shirya bikin jazz na birnin karo na farko, a filin Congo Square ɗin nan, da mawaƙiya Mahalia Jackson da makaɗi Duke Ellington, 'yan kallo 'yan ɗaruruwa. Yanzu dubban ɗaruruwa ke zuwa, kuma da yawansu layin rumfunan abinci ne ke kawo su kamar yadda dandalin kiɗa ke kawo su. A shekarun 1980 kuku Paul Prudhomme ya fito da wani salon gasa jan kifi a kaskon ƙarfe mai tsananin zafi, Amurka ta rikice a kansa har sai da hukuma ta hana kamun kifin don sayarwa a ruwan tarayya saboda ya kusan ƙarewa. Tun daga nan duk abin da aka yi wa barbaɗen barkono sai a ce masa Kajun, ko a kantin da mai shi bai taɓa ganin fadama ba. Riba ta shigo, amma ba ta bi hanyar da gumi ya bi ba: shekaru aru-aru baƙaƙen fata ne ke bakin murhu a manyan gidajen abincin birnin, sunan mai gida ne a allon ƙofa.

Baƙin baya-bayan nan su ne ke gwada wannan bayani nawa. Bayan faɗuwar Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, a 1975, cocin Katolika ta birnin, ƙarƙashin Akbishop Philip Hannan, ta karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Biyetnam, suka zauna a gabashin birnin. Sun tarar da abin da suka sani: zafi da laima, shinkafa, kamun jatan lande, da burodi irin na Faransa, tunda ita ta mulke su su ma. Abincinsu ya shige gari ba wuya. Burodinsu mai cushe ya zauna kusa da po-boy, dogon burodin da 'yan'uwa biyu, Bennie da Clovis Martin, suka riƙa ba ma'aikatan taragon cikin gari kyauta a yajin aikin 1929. Gidan burodin Dong Phuong ya samu lambar yabon girki ta James Beard a 2018, kuma a lokacin Mardi Gras layi ake yi a ƙofarsa don sayen kek ɗin bikin. A Houston 'yan Biyetnam suka sake fasalin dafa krofish, ɗan jatan landen ruwan daɗi, da man shanu da tafarnuwa da ciyawar lemun tsami. Amma kiɗansu bai shiga kiɗan yankin kamar yadda na Haiti ko na Jamus ya shiga ba. Ina ganin dalilin a fili yake. Abinci na ƙetare unguwa cikin leda, a saya a tafi. Kiɗa kuwa sai an zauna tare an saba da bugun juna, kuma baƙon 1975 ya zo da kaset ɗinsa, ba ya buƙatar makaɗin maƙwabci ya yi masa biki.

Guguwar Katrina ta 29 ga Agustan 2005 ta nutsar da kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. Ƙidayar 2010 ta nuna baƙaƙen fata sun ragu da mutum sama da 100,000 idan aka kwatanta da ta 2000, kuma cikinsu akwai masu girki da makaɗa da masu ɗinkin rigunan biki waɗanda kuɗin haya ya hana su dawowa unguwanninsu. Waɗanda suka zo sake gina birnin akasari leburori ne daga Meziko da Honduras, motocin sayar da tako, abincin Meziko, suka biyo su har bakin aiki. A 2007 ƙaramar hukumar Jefferson, maƙwabciyar birnin, ta kafa ƙa'idojin da suka kori motocin daga titunanta, a yankin da ke cin abinci da sunan girkin baƙi.